Naira 3,000 a rana, baki shida: yaya zan tsara abincin yini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano. Mu shida ne a gida, ni da maigida da yara huɗu: babban shekararsa 13, sai mai 9, sai mai 5, sai auta mai shekara ɗaya da rabi da har yanzu take shan nono. Maigida tela ne, abin da yake iya bayarwa na cefane a rana naira 3,000 ne har da gawayi, wata ranar ma ba ta cika ba. Da safe shayi da burodi muke sha, da rana taliya ko shinkafa, kafin dare kuɗin sun ƙare, sai dai mu sha garin kwaki. Don Allah a ba ni shawarar yadda zan tsara abincin yini yaran su ƙoshi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya buɗa wa maigida, Ya sa albarka a cikin abin da yake samowa. Aikina shi ne ba iyaye mata shawara kan abincin yara a asibiti, kuma tambayarki ita ce wadda aka fi kawo mana tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, saboda haka ba rashin iya tattalinki ba ne ya sa kuɗin ba sa kaiwa dare. Amma akwai gyara a tsarin da kika faɗa, kuma gyaran babba ne.

Abubuwa ukun da kika ambata, burodi da taliya da shinkafa, su ne mafi tsada a cikin duk abincin da ke cika ciki. Burodi da taliya daga alkama ake yin su, mafi yawan alkamar kuma daga ƙasashen waje ake shigo da ita, shi ya sa farashinsu yake bin dala. Shinkafa kuwa sau da yawa kuɗin kwanonta ɗaya zai sayo miki kwano biyu na masara, wani lokacin ma har da canji, alhali ƙarfin da suke ba jiki kusan ɗaya ne. Giram 100 na masara ko gero ko dawa ko shinkafa duk kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) kimanin 350 ne. Gero da dawa ma sun fi farar shinkafa sinadarin gina jiki da na ƙarin jini. Kina biyan kuɗin farin ƙwaya ne da saurin dahuwa kawai. Na san yara sun fi murna da shinkafa, kuma na san akwai gidajen da ake ganin cin tuwo kullum alamar talauci ne, amma a kan naira 3,000 shinkafa ta koma abincin Juma'a.

Bari mu yi lissafin abin da gidanku yake buƙata kafin mu taɓa kuɗi. Namiji mai aiki, mace mai shayarwa, saurayi ɗan 13 da yake cin abinci kamar babba, da ƙananan uku, idan aka haɗa za su buƙaci kimanin kalori 11,000 a yini. Kilo biyu na hatsi zai ba ku kusan 7,000. Rabin kilo na wake ya ƙara 1,700. Mai cokali goma na cin abinci, wato kimanin mililita 150, ya kawo 1,200. Sauran ya fito daga gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, ganye, ɗan sukari, da nonon da auta take sha. A awon kasuwar Kano, buhu mai kilo 100 kwano 40 ake lissafa shi, kin ga kwano ɗaya kilo biyu da rabi ke nan. To ki raba kwanon hatsi gida biyar: kashi ɗaya na safe, ɗaya na rana, biyu na dare, na biyar ɗin ki zuba a wata roba ki rufe. Kwano huɗu zai kai ku kwana biyar. Kwanon wake ɗaya shi ma kwana biyar ne.

Kuɗin kuma ga yadda zan raba su da ni ce: kimanin 1,200 hatsi da kuɗin niƙa, 600 wake ko waken soya ko gyaɗa, 400 mai, 350 gawayi, 450 kayan miya. Wannan rabo ne, ba farashi ba, ki daidaita shi da abin da kika tarar a kasuwarku ranar. Abin da nake so ki riƙe shi ne jerin. Hatsi ake fara cirewa, sai wake, sai mai, sai wuta, kayan ɗanɗano su zo a ƙarshe. Mafi yawan mata daga ƙasa suke farawa: a aiki yaro shago ya sayo magi, tumatirin leda, sukari, ganyen shayi, madarar ƙulli, kafin a ankara dubu ɗaya ta tafi ba a sayi abin da zai zauna a ciki ba.

Zan daɗe a kan wake, don shi ne naman gidanku a wannan lokaci. Busasshen wake yana da sinadarin gina jiki, wato furotin, kimanin giram 23 a cikin kowane giram 100, gyaɗa 25, waken soya kuwa ya kai 36. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Hatsi ma yana da nasa furotin ɗin, sai dai akwai wani ɓangare da ake kira laisin wanda ya yi masa ƙaranci, wake kuma yana da shi da yawa. Abin da wake ya gaza a kai, hatsi yana da shi. Idan suka haɗu a ciki a yini ɗaya, jiki yana amfana da su kusan yadda zai amfana da nama. Iyayenmu ba su san sunan laisin ba, amma dubi abin da suka bar mana: koko da ƙosai, garau-garau, tubani, ɗanwake, tuwo da miyar wake, kunun gyaɗa, dambu da ƙuli-ƙuli. Duk hatsi ne da ɗan'uwansa. Ma'aunin da muke ba mutane shi ne kashi uku ko huɗu na hatsi, kashi ɗaya na wake.

Waken soya kuma an raina shi a gidaje da yawa, ana ganin na masu awara ne kawai. Ki jiƙa shi, ki murje ɓawon, ki shanya, ki soya sama-sama a kasko har ya yi ƙamshi, sannan ki haɗa a cikin hatsin da za ki kai niƙa, gwangwani ɗaya a kan gwangwani huɗu ko biyar. Tuwon ba zai canza ɗanɗano sosai ba, amma ya tashi daga abin cika ciki ya koma abinci mai gina jiki. Sharaɗinsa ɗaya ne: ɗanyen waken soya yana ɗauke da wani sinadari da ke hana jiki narkar da furotin, wuta ce take kashe shi, don haka kada a tsallake suyar ko dafawar. Idan kuma kika yi awara a gida, dusar da ta rage kada ki ba akuya, ki zuba ta a miyar kuka ko a cikin ƙullin alale.

Yanzu ga yinin kansa. Tsarin abincin talaka daga dare yake farawa. Kafin ki kwanta ki jiƙa waken gobe, ki jiƙa geron kunu idan na jiƙo za ki yi. Waken da ya kwana a ruwa yana dahuwa da wuri, ya rage miki gawayi, ya kuma rage kumburin ciki da yara suke kuka da shi.

Da safe a bar shayi da burodi. Ban da tsada, ba ya riƙe ciki, ƙarfe goma yaro ya fara hamma a aji, kuma ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarin jini daga abincin da aka ci tare da shi. Ki dama kunun gero mai kauri da kashi ɗaya na hatsinki, ki sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin soya a ciki, ki tsinka da ruwan tsamiya, sukari kaɗan. Idan tuwon jiya ya rage, ɗumame ya shiga gaba, maigida da babban yaron su fara da shi tunda su ne masu fita. Sai dai ɗumame ya tafasa sosai har cikinsa, miyar ma ta tafasa, musamman lokacin zafi; ɗumi-ɗumin sama shi yake kawo gudawa. Ƙosai yana da kyau amma yana shan mai, idan kina son wake da safe alale ya fi sauƙi.

Da rana ne waken zai yi aikinsa. Abin da na fi so a wannan kasafi shi ne faten tsaki da wake: tukunya ɗaya, wuta ɗaya, tsakin masara rabin kilo, wake rabin kilo, manja, albasa, attaruhu, daddawa, sannan ganye mai yawa a ƙarshe, rama ko yakuwa ko alayyahu ko zogale, duk wanda ya fi araha ranar. Washegari ki juya shi ya zama dambu da zogale da garin ƙuli-ƙuli. Jibi ɗanwake da mai da yaji. Wata ranar faten wake da dankalin Hausa ko kabewa, wata ranar burabusko da miyar gyaɗa. Kayan ɗaya ne, hannu ne yake canzawa, kuma wannan canjin yana da muhimmanci don yaron da ya gaji da abinci yakan ci rabi ya tashi. Ganyen a zuba shi dab da saukewa. Idan ya daɗe a wuta har ya yi baƙi, bitamin ɗinsa ya tafi, haka ma idan aka tafasa shi aka zubar da ruwan sau biyu sau uku.

Da dare tuwo da kashi biyun da suka rage. Ki riƙa gauraya masara da dawa ko gero maimakon masara zalla kullum, kuma ki rage son tuwo fari fat. Surfe mai yawa yana tafiya da dusa da ƙwayar idon masarar, can ne mai da bitamin suke, ga shi kin biya kuɗin surfe kuma awon ya ragu. Miya kuwa kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, ko miyar wake. Waɗannan ba sa buƙatar tumatir ko kaɗan. Daddawar kalwa mai kyau, albasa, barkono, ɗan manja, da ƙananan busasshen kifi da aka daka har da ƙayarsa, sun isa. Kifin nan na naira ɗari ko ɗari biyu da aka daka ya bi miya ya fi tsokar nama ɗaya da za a ba maigida shi kaɗai, don kowa ya samu, kuma ƙayar tana da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Ganda kuwa daɗin tauna ce kawai, kada ki sa kuɗinki a kanta kina ganin nama kika saya.

Maganar magi. Na san gidan da ake jefa dunƙule takwas a tukunya ɗaya. Mafi yawan abin da ke cikin dunƙulen gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ki rage zuwa biyu, daddawa ta cike gurbin. Ita tana da furotin, magi kuwa kusan ba shi da shi. Gishirin ki sayi na leda mai sinadarin aidin. Kanwa ma a yi hankali da ita, tana saurin nunar da wake amma tana lalata wasu bitamin, idan kin jiƙa waken ɗan mitsitsi ya wadatar ko ma a bar ta.

Mai kada ki raina shi, kuma kada ki yi suya da shi. Babu abin da ya kai shi ƙarfi a ɗan ƙaramin awo, giram ɗaya kalori 9 ne, fiye da ninki biyu na hatsi. Manja ya fi dacewa da ku don jan nan nasa jiki yana mayar da shi bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar yara, amma idan aka soya shi har ya yi hayaƙi ya washe, amfanin ya ƙone. A zuba shi a tukunya haka nan.

Gawayi shi ne ɓarawon da ba a lissafa shi. Rufe tukunya, hura wuta sau biyu a yini maimakon uku, ki ɗora ruwan kunu ko na wanka a kan ragowar garwashi. Akwai kuma dabarar da mata da yawa ba su gwada ba: idan wake ya tafasa sosai kamar minti goma sha biyar, ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo, ki sa a kwando ko kwali. Bayan awa biyu zuwa uku za ki tarar ya nuna da zafinsa, sai ki mayar wuta ki ƙarasa haɗi.

Sai auta, wadda ita ce ta fi damuna a duk gidan. Manya da 'yan makaranta za su jure wata guda na ƙarancin abinci su murmure, amma abin da yaro ya rasa kafin ya cika shekara biyu yana bin sa a tsawo da ƙwaƙwalwa. Ki ci gaba da ba ta nono har ta cika shekara biyun, shi ne abinci mafi inganci a gidan kuma ba a saye. Ki ware mata kwanonta daban. Idan ta sa hannu a tire ɗaya da ɗan shekara 13, kafin ta kai loma uku an cinye. Cikinta ƙarami ne, don haka sau uku zuwa huɗu za ta ci a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma kununta ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba, a ɗiga masa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. Kunu tsararo ruwa ne yake cika mata ciki. Garin da ake kira Tom Brown, wanda ake koya wa mata a asibitoci, za ki iya yin sa da kanki: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken soya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. Ranar da aka samu rarar kuɗin ƙwai ɗaya, nata ne. Idan biyu ne, na biyun naki ne, don mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kusan kalori 500 a yini, kuma na san halinmu mata, mu ne masu cewa mun ƙoshi mu kankare ƙanzo.

Gyaɗar da za ki yi amfani da ita ki tsince ta da kyau. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta motse, ko take ɗaci, a zubar. Irin wannan gyaɗa da masarar da ta sha danshi suna ɗauke da guba mai suna afalatoksin wadda take lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Araha a nan ba riba ba ce.

'Ya'yan itace ki bi lokacinsu: mangwaro da bazara, gwaiba, lemo da hunturu, kankana idan ta yi yawa a kasuwa. Ko ɓarin lemon tsami aka matsa a kan fate yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jinin da ke cikin wake da ganye. Garin 'ya'yan kuka da ake yin kwalba da shi ma yana da bitamin C sosai. Tumatir kuma lokacin da ya yi arha da rani ki yanka ki shanya kauɗa, don da damina ta kama sai ya gagari talaka.

Akwai magana ɗaya da sai kin zauna da maigida. Sayen ƙulli-ƙulli a shagon unguwa kullum ya fi komai cin kuɗi, don kowane ƙulli da ribar mai shago a kai. Idan zai iya haɗa miki kuɗin hatsi da wake na kwana biyar a lokaci ɗaya, ko da ranar da ya karɓi kuɗin ɗinki ne, ki sayi kwano huɗu na hatsi da kwano ɗaya na wake, ki kai niƙa sau ɗaya, sauran kuɗin kullum ya zama na miya da gawayi. Tela yana samun buɗi gab da sallah da lokacin komawa makaranta, a nan ne ya kamata a sayi abin ajiya. Zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau don kwano biyu asarar kuɗin mota ce, amma idan ku biyar ko shida a layinku kuka haɗa kuɗi da kaka, mutum ɗaya ya je ya sayo buhu ku raba, za ku ga bambanci. Waken ajiya a shanya shi ya bushe ƙarau, a cika jarka mai tsabta da shi har baki, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin za su mutu da kansu. Akwai kuma buhun PICS mai leda biyu a ciki da yake aiki da wannan dabarar. Kada ki kuskura ki zuba masa maganin ƙwari irin su fiya-fiya. Saboda ragowar irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Ranar da kuɗin ba su cika ba, a ce 2,000 aka bayar ko ƙasa da haka, daga ƙasan jerin za ki fara yanka: sukari, magi, tumatir, kifi, sannan a rage mai zuwa rabi. Kashi na biyar ɗin nan da kike ajiyewa, ranarsa ke nan. Ke da maigida za ku iya haɗa na safe da na rana ku ci sau biyu, amma ƙananan biyu ba a tsallake musu. Idan dole sai garin kwaki, to a sani rogo kusan ba shi da furotin, kada a sha shi da ruwa da sukari kawai, a daka ƙuli-ƙuli a zuba da yawa, ko a yi kwaɗonsa da zogale da albasa da ɗan mai.

Ki kuma kai auta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna damtsenta da tef ɗin nan mai launi uku. Kore lafiya lau, rawaya gargaɗi ne, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma akwai cibiyoyin da ake ba da abincin magani na gyaɗa kyauta. Idan kika ga ƙafafunta biyu sun kumbura, kin danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, ko gashinta ya fara ja yana karyewa, ko ta daina son abinci gaba ɗaya, kada ki jira ranar awo, ki kai ta a ranar.